Giwan ruwan da muka mayar

Asabar, Yelwan Yauri.

Tun kafin kiran assalatu Yaya ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, kuma da na san irin sanyin da ke jirana a bakin ruwa, da ban yi masa alkawari jiya ba. Yaya ɗan kawuna ne, ya yi shekaru yana aiki a Kampala, kuma a can ya kwaso wata ɗabi'a da har yau dangi suka kasa gane kanta: ya biya kuɗin jirgi da na mai, ya yini cikin rana yana neman babban kifi, in ya kama shi ya auna, ya ɗauki hoto, sannan ya mayar da shi ruwa. A wannan zuwan ya taho da sandunan fatsarsa cikin wani dogon bututu, wanda ya ce sau uku ana sa shi buɗewa a shingayen hanya kafin ya iso gida.

Muna idar da sallar asuba muka gangara. Wanda zai kai mu wani dattijo ne Basarke, abokin marigayi mahaifina, wanda tun muna yara Baba muke ce masa. Ya karɓi sandar ya jujjuya, ya murɗa faifan da ke naɗe zaren, sannan ya ɗaga kifin robar da Yaya zai yi ƙoto da shi, mai tsawon tafin hannu, da ƙugiyoyi masu baki uku-uku a ciki da wutsiya. "Ɗana," in ji shi, "giwan ruwan da na sani ba ya cin abin wasan yara." Yaya ya ce, "Baba, kai dai ka kai mu inda yake kwana, sauran ka bar mini." Baba bai ƙara cewa uffan ba, sai ya sa autansa ya ɗauko bokiti da 'yan kawara masu rai a ciki, wai ko da za a ji kunya a ji ta da sauƙi.

Ba a banza Yaya ya zaɓi wannan lokaci ba. Kogin Kwara sau biyu yake cika a nan: akwai farin ruwa na damina, mai laka, akwai kuma baƙin ruwa wanda yake tasowa daga tsaunukan Gini, ya yi watanni a hanya, ya zubar da lakarsa a fadamun Mali, ya iso mana cikin hunturu a tace. Giwan ruwa da tsage da ido suke farauta, saboda haka kifin roba bai cika tasiri ba sai ruwa ya washe. Muka nufi kudu, inda kogin yake buɗewa ya zama tafkin Kainji. Tun da aka kammala madatsar a 1968 ruwa ya haɗiye tsohon garin Bussa da ƙauyuka da gonaki, aka tashi mutane sama da 40,000, kuma Baba, wanda yake yaro a lokacin, har yanzu da abin da ke ƙarƙashin ruwan yake kwatance. Sai ka ga ya kashe inji a tsakiyar ruwa inda babu wata alama, ya ce ƙarƙashinmu akwai duwatsu da kututturai, kuma a irin wurin ne babban kifi yake laɓewa yana jiran ƙanana su gifta.

Tsage ne ya fara yi mana sallama, wajen hantsi, kuma sandar tana hannuna. Ji na yi kamar wani ya fizge ta da nufin ƙwacewa. Kafin in farga kifin ya yi sama, jiki fari ƙal da layuka baƙaƙe, wutsiya ja, ya girgiza kai sau ɗaya, sai ga kifin robar ya yi nasa waje shi ya yi nasa. Da na naɗo zaren muka tarar da ramukan haƙora a jikin robar, kamar an bi ta da ƙusa. A nan na gane dalilin guntuwar wayar da Yaya ya ɗaura tsakanin zare da ƙoto, domin haƙoran tsage na sama suna shiga tsakanin na ƙasa, kuma zare a wurinsu ba komai ba ne. Bakinsa kuma ƙashi ne zalla, ƙugiya ba ta samun wurin kamawa, shi ya sa waɗanda suke kuɓucewa suka fi waɗanda ake fitarwa yawa. Na biyu dai na fitar da shi, bai kai kilo 2 ba, kuma kafin Yaya ya buɗe baki Baba ya riga ya sauke masa kulki a ka. Abin da ya ba ni dariya shi ne, kifin da mata suke rainawa a kasuwarmu saboda yawan ƙaya, shi ne mutane suke ƙetaro teku don su ji fizgarsa. Yaya ya ce a 2014 masu bincike a Afirka ta Kudu sun tabbatar da cewa yana tsalle ya cafke tsattsewa tana cikin tashi, kuma irinsa na kogin Kwango yakan kai kilo 50. Na dubi haƙoran ɗan nawa, na janye ƙafata.

Daga nan ruwa ya yi shiru har rana ta take. Muka tsaya a wani gungu muka yi azahar, muka ci abin da muka taho da shi, Baba ya tambayi Yaya su wane ne ma suke wannan aiki na wahalar banza. Yaya ya ba shi labarin ƙasan magangarar Murchison a Yuganda, inda ya koya, wurin da sai ka yanki takardar izini kafin ka jefa fatsa, kuma abin da ka kama ka sake shi. Ya faɗa masa na tafkin Nasser a Masar, inda a shekarar 2000 aka kama mai kilo 104 da sanda da zare, da kuma baƙin da suke zuwa kogin Faro a arewacin Kamaru musamman don giwan ruwa da tsage. Baba bai nuna abin ya burge shi ba. Ya ce a bikin Argungu na 2020 an fito da mai kilo 78 daga kogin Matan Fada, da koma da gora kawai, babu inji babu faifai. Ni kuma na kawo zancen tafkin Victoria, inda aka zuba giwan ruwa a shekarun 1950, ya yi shiru, sannan a shekarun 1980 ya mamaye ruwan har aka nemi wajen iri 200 na ƙananan kifaye aka rasa. Wannan ne kaɗai ya sa Baba ya ajiye lomarsa, domin bai taɓa zaton akwai inda kifin nan ya yi wa mutane yawa ba, alhali a nan sai ya yi watanni bai ga wanda ya kai tsawon hannunsa ba. Ya ɗora laifin a kan taru mai ƙananan ido da ke kwashe kifi tun yana ɗan yatsa, kuma bai ɓoye ba cewa 'ya'yansa ma da shi suke su.

Bayan la'asar Yaya ya sauke girman kai ya nemi kawarar Baba. Ya soka mata ƙugiya ɗaya a baya, ya sake ta kusa da wasu duwatsu, kuma ba a daɗe ba sandar ta sunkuya a hankali. Babu fizga irin ta tsage, domin giwan ruwa ba shi da haƙoran yanka, buɗe baki yake yi ya zuƙe kifi da ruwan da ke kewaye da shi gaba ɗaya. Sai faifan ya fara kuka. An saita shi ne yadda zai riƙa sakin zare kafin ja ya kai ga tsinka shi, kuma gwanintar duka a nan take: a sakar wa kifi in ya yi ƙarfi, a naɗe in ya numfasa, har siririn zare ya gajiyar da abin da zai iya tsinka shi da fizga ɗaya. Kifin ya nufi duwatsu, Baba kuwa ba tare da an ce masa komai ba ya ɗauki filafili ya janye jirgin zuwa fili. Sau biyu ya fito har rabin jiki, baki a wangale kamar bokiti, yana kaɗa kai, kuma kowane karo Yaya sai ya sassauta sandar, don murfin kunnen kifin yana da kaifi irin na zarto. Na dubi Yaya, mutum mai furfura a gemu, hannuwa na rawa, yana salati yana dariya a lokaci guda, kuma a cikin minti 25 ɗin nan na ga abin da yake kashe wa kuɗinsa. Da kifin ya kwanta a gefen jirgi idonsa yana ƙyalli kamar na kyanwa da dare. Sikeli ya nuna kilo 34.

Baba ya miƙa hannu wajen kulki. Yaya ya ce, "Baba, don Allah." Baba ya ce, "Ɗana, arziki ya zo har cikin jirgi ka ce ya koma? Kuma ai da kawarata aka kama shi." Yaya ya yi masa bayani cewa mafi yawan manyan nan mata ne, kuma guda ɗaya takan zuba miliyoyin ƙwai, sannan ya ce zai biya shi abin da kifin zai yi a kasuwa. Baba ya ce mace ce kam, wannan ba sai an faɗa masa ba, amma gobe wani zai ɗauke ta da mamari, igiyar nan mai tarin ƙugiyoyi, kuma ko hotonta ba zai tsaya ɗauka ba. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ajiye kulkin. Da Yaya ya mayar da kifin ruwa sai ya juya ciki sama don gajiya, kuma Baba ne ya ture hannun Yaya, ya riƙe shi ta haɓa, ya daidaita shi ya fuskanci inda ruwa yake tahowa, har kunnuwan suka fara buɗewa da rufewa. Wutsiya ɗaya ya kaɗa ya jiƙa mu duka.

Duk hanyar dawowa ina juya abin. A fiƙihun da muka karanta a zaure, farauta don wasa makaruhi ce, kuma ban ga yadda zan kira abin da muka yi yau da wani suna ba, tunda mun wahalar da rai ba don ci ba. Da na faɗa wa Yaya haka, ya ce kifin dai yana can yana iyo, wanda kuma Baba ya kashe don ci yana cikin bokiti, in tambaye su wanda ya fi. Amsar ta yi daɗin ji amma ba ta gamsar da ni ba. Ra'ayina shi ne sakin kilo 34 na nama sai wanda tuwon darensa yake a ajiye, kuma da Yaya bai biya ba da na ce ya ci haƙƙin dattijon. Sai dai ba zan yi wa littafin nan ƙarya ba: tun hantsi hannuna yake tuna fizgar tsagen da ya kuɓuce.

A gida Inna ta karɓi wayar Yaya, ta daɗe tana kallon hoton, ta tambaye shi ko da shi za ta yi miya. Tsagena aka soya, aka raba wa mutum bakwai, kowa yana tsince ƙaya. Bayan isha'i autan Baba ya yi sallama a zaure, ya durƙusa ya gaida Yaya, ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya ce ko za a ba shi kifin robar nan da tsage ya tauna, tunda ai ya lalace. Yaya ya ba shi, ya haɗa masa da guntuwar waya, ya ce ranar Litinin ya zo da wuri, shi zai riƙe sandar.