Wasiƙa daga Amsterdam: kiɗan piyanon da ba a san lokacin tashinsa ba

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, da fatan kowa lafiya, ya aiki ya iyali. Mu nan Alhamdulillahi, sanyi ne kawai ya sako mu gaba.

Yau labarin wani kiɗan piyano na kawo muku wanda mutanen Holan ke cika zaure saboda shi, Turawa na ce masa minimalizim, wato 'yan sautuka kaɗan ne ake ta juya su ana maimaitawa. Na san wani zai ce ai wannan ragwanci ne, to ni dai cewa nake a je a gani da ido tukuna, don in a waya ka saurara sai ka ɗauka kaset ne ya maƙale.

Wanda suka fi ji da shi a nan Canto Ostinato ne, na wani ɗan ƙasar mai suna Simeon ten Holt, ya gama rubuta shi a 1976 aka fara kaɗa shi gaban jama'a a 1979 a garin Bergen na nan Holan. Sau da yawa piyano biyu ko huɗu ake jerawa suna fuskantar juna. Abun mamakin shi ne mutumin bai ƙayyade musu sau nawa za su maimaita yawancin sassan ba, su makaɗan ne ke yankewa nan take a kan dandamali, shi ya sa na yau daban na gobe daban, wani awa ɗaya da rabi an tashi, wani kuma a kwashe awanni ana abu ɗaya. Har akwai zaman da ake shimfiɗa katifu mutane su kwanta su saurara, wallahi na ga dattijo yana minshari kuma ko kallonsa ba wanda ya yi.

Ranar da na je, ni idona na kan wata mata cikin makaɗan. Hannunta na hagu bai huta ba ko na daƙiƙa, gumi na bin wuyanta, can sai ta ɗaga haɓa kaɗan ta kalli na gabanta, shi kuma ya gyaɗa kai, shi ke nan duk huɗun sun tsallaka sashe na gaba tare ba wanda ya ce uffan. Sauti ɗaya tak aka ƙara fa, amma da yake kunnenka ya daɗe a wuri guda sai ka ji tsigar jikinka ta tashi. Wannan wace waya za ta nuna maka shi?

Na Steve Reich ɗan Amurka ma ya fi wuya, Piano Phase na 1967. Mutum biyu na kaɗa sautuka 12 iri ɗaya, ɗaya ya riƙe saurinsa, ɗayan ya dinga ƙara sauri kaɗan kaɗan har ya wuce abokinsa da sauti ɗaya, a tsakani komai ya cakuɗe sannan ya sake daidaita da wata sabuwar kama. Ku gwada da tafi ku biyu ku gani, nan da nan ɗaya zai ja ɗaya. Reich ɗin nan ya je Gana a 1970 ya koyi kiɗan gangunan ƙabilar Ewe. Shi kuwa Philip Glass, wani ɗan Amurkan mai rubuta irin wannan kiɗan, tasi ya dinga ja a Niyok yana gyaran famfo kafin kiɗan ya fara ciyar da shi.

Ba duka ne masu kyau ba gaskiya, yanzu 'yan kwaikwayo sun yi yawa, mutum ya danne fedar piyano ya yi ta zagaya sautuka huɗu masu daɗi ba inda za shi, wannan kam minti goma ya ishe ni.

In Allah ya kawo ɗayanku nan ya yi min magana mu je tare, amma a kashe waya, kuma ba a yin tafi sai makaɗan sun ɗauke hannu. A gaida mutan gida.