Daren da na kori kunkuru da fitilar waya

A unguwar Nima ta birnin Accra, a Ghana, aka haife ni, teku ba nisa da mu, amma sai da na je Ada Foah, inda kogin Volta ke faɗawa teku, na san kunkurun teku na fitowa tudu ya binne ƙwai. Hutun Disamba ne, lokacin da suka fi fitowa, na bi wasu 'yan sa kai da ke taya ma'aikatan kula da namun daji sintiri a gaɓar Songor.

Aikin na dare ne. Ka yi ta tafiya a yashi har ƙafa ta gaji, kana neman sawu mai kama da na tayar tarakta. Dare na uku muka dace. Wata ƙatuwa ce, irin mai baya kamar fata, numfashinta kawai kake ji. Ɗoki ya ɗebe ni, na kunna fitilar waya don in ɗau hoto. Ta tsaya cak, ta juya, ta koma ruwa ba ta haƙa komai ba. Shugaban sintirin bai yi mini faɗa ba, jar tocila kawai ya miƙo mini, wadda haskenta bai cika korar kunkuru ba. Da ma ya zage ni, da na fi samun sauƙi.

Daga baya na ga wata ƙarama ta zuba ƙwai wajen 100, farare, masu laushi, ta rufe ramin ta daddaɓe shi da cikinta. Kusan wata 2 suke yi kafin su ƙyanƙyashe, in kare ko alade bai tono su ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne zafin yashi ke raba mace da namiji: in ya yi zafi sosai, mata ne za su fi yawa.

Wayar da kai kuwa, nan ido ya raina fata. Yaran makaranta ba wuya, ka ɗaga musu leda cikin kwalbar ruwa su ga yadda kunkuru ke zaton abinci ce ya haɗiye, an gama. Masunta ne sai a hankali. Na tsaya gaban wani dattijo ina zuba bayani cewa doka ta hana kama kunkuru tun 1971. Ya bar ni na gama, sannan ya jawo komarsa ya nuna mini ɓarakar da wata kunkuru ta yi mata, wadda mutum zai iya wucewa ta ciki.

Ta bakin tafinta ya ce, "Yaro, na sake ta. Wa zai ɗinke mini wannan?"

Na ce, "Baba, ban sani ba."

Washegari na koma ba takarda a hannuna. Ya ba ni zare da abin saƙa, na zauna ina ɓata masa ƙulli yana warwarewa yana dariya. Sai wajen la'asar ya nuna mini da haɓa inda ya ga sabon sawu da asuba.