Ranar da na wayi gari ba littafi a hannu

Talata, da dare.

Jiya wajen ƙarfe biyu na dare na rufe littafi na bakwai, na ƙarshe a jerin. Shekara uku ke nan ina tare da mutanen cikinsa. Yau da safe, ido bai gama buɗewa ba, hannuna ya kai gefen gado ya lalubo littafin kamar kullum, sai na tuna ba sauran shafi. Guntun kwalin da nake sa alama da shi yana nan maƙale a bangon baya, ya yi laushi, gefensa duk ya naɗe. Na daɗe ina jujjuya shi. Abin kamar an yi maka rasuwa, amma ba wanda za ka faɗa wa bai yi maka dariya ba.

Da hantsi na buɗe wata manhajar littattafai a waya na rubuta sunan jerin. Nan take ta jero mini "masu kama da shi" fiye da ashirin. Ita dai lissafinta ɗaya ne: waɗanda suka karanta wancan, me suka karanta bayansa? Shi ya sa bangon duk iri ɗaya, saurayi riƙe da takobi, wani dodo yana hura wuta a bayansa. Na sauke babin gwaji na guda uku. Na farko na kai shafi na tara. Na biyu, da na ga taswira a farko da jerin sunayen sarakuna har shafi huɗu, sai gabana ya faɗi. Na ukun ma ba laifi, wallahi rubutun ya yi, amma duk wanda ya buɗe baki a ciki sai in ji ina jiran muryar tsohuwar nan mai gadin ƙofa ta jerin da na gama, wadda ba ta taɓa ba da amsa kai tsaye. Ba ta zo ba. Kama da wane ba ta wane.

Na kira Yaya da rana, don ita ta fara ɗora ni a kan labaran almara tun ina ƙarami. Ta saurari kukana har ƙarshe sannan ta ce, "Kai dai ba sihirin kake kewa ba, mutanen kake kewa. Ka bar neman ƙaninsa. Nemi abin da bai haɗa hanya da shi ba ko kaɗan." Na ce, "Yaya, ai ni almarar nake so." Ta ce to in koma ta kimiyya mana, jiragen sararin samaniya da mutum-mutumi, inda ba zan sami abin kwatantawa ba. Kuma in ɗauki gajere. Na so in yi musu, na rasa ta inda zan kama.

Sauran yinin a jerin lambobin yabo na ƙarar da shi, kuma nan ne na ji daɗin yau. Hugo ita ce babba, tun 1953 ake ba da ita, an sa mata sunan Hugo Gernsback, mutumin da ya kafa mujallar Amazing Stories a 1926. Masu karatu ne ke zaɓe, wato mambobin Worldcon, taron masoya almarar kimiyya na duniya da ake yi kowace shekara. Nebula kuma, wadda aka fara bayarwa a 1966, marubuta ne ke zaɓar junansu. Bambancin yana fitowa in ka ajiye jerin biyu kusa da kusa: wani lokaci su haɗu a kan littafi ɗaya, wani lokaci kowa ya kama gabansa. Ni na fi amincewa da waɗanda suka shiga zagayen ƙarshe a duka biyun, ko da ba su ci ba. Wanda ya ci guda ɗaya ne, na bayansa kuwa biyar ko fiye, kuma sau da yawa a cikinsu ake tsintar mai ban mamaki. Akwai kuma Nommo, ta marubutan Afirka, da aka fara a 2017. Sunan daga halittun ruwa na al'adar Dogon ta Mali aka ɗauko shi. Wannan jerin na kwafe shi gaba ɗaya a littafin ajiyata.

Na ga Hugo tana da rukunin jeri mafi kyau tun 2017. Na leƙa, na yi maza na rufe. In na sake faɗawa cikin littafi bakwai yanzu, da na farkon zan riƙa auna shi har in tsane shi a banza.

Rukunin matsakaitan labarai na tsaya, masu kalma 17,500 zuwa 40,000, abin da za ka cinye a zama biyu. Na fitar da sunaye huɗu. Kafin in samo su, na shiga mujallar Clarkesworld, wadda ke fitar da gajerun labarai kyauta a intanet tun 2006, na ɗauki ɗaya ba tare da na duba sunan marubucin ba. Babu takobi, babu sarki. Minti ashirin na yi a ciki, kuma sai da na gama na lura ban tuna da tsohuwata mai gadin ƙofa ba ko sau ɗaya. Har na ɗan ji kunya, kamar na ci amanarta.

Littattafan bakwai na jera su a kan kanta ɗazu, na goge musu ƙura. Na farkon bayansa ya karye, sai da na jingina shi da na biyu. Guntun kwalin dai na zare shi, yana nan gefen gado. Yaya ta turo saƙo tana tambaya ko na daina makoki. Gobe zan ba ta amsa.