Sau uku na yi wa falona fenti

Duk baƙuwar da ta yaba falona, godiya kawai nake yi. Ba na gaya mata cewa a ƙarƙashin wannan fentin akwai wasu biyu da suka cinye mini kuɗi.

Abin ya faro ne daga wata tafiya da na raka maigidana Maroko. A Marrakesh muka shiga lambun Majorelle, wanda wani Bafaranshe mai zane, Jacques Majorelle, ya kafa, ya kuma shafe ginin da ke ciki da wani shuɗi mai ƙarfi a 1937, har shuɗin ya ɗauki sunansa. Na ɗauki hoto ya fi hamsin. Muna dawowa Kano aka zo kan fentin sabon gidanmu, na miƙa wa mai fenti waya na ce ga abin da nake so. Ya duba, ya ɗago ya ce, "Hajiya, duka bango huɗun?" Na ce duka. Ya ce, "To, Allah ya sa alheri."

Falon ya koma kamar rijiya. Tagarsa ɗaya ce, ita ma katangar maƙwabta take kallo. Da dare kuwa, idan farin ƙwan nan mai kashe ido ya haska bangon, sai ka ɗauka shagon sayar da waya ka shiga. Kujerun da iyayena suka yi mini, masu sassaƙa ruwan gwal, suka tsaya tsakiya kamar baƙin da suka ɓata hanya. Surukata ta zo ganin gida, ta daɗe tana kallon bango, sannan ta ce, "'Yar nan, makarantar yara za ku buɗe ne?" Hunturu na shigowa ƙura ta ƙarasa aikin, don launi mai duhu ba ya rufa wa ƙura asiri.

Sai daga baya na koma kan hotunan na duba da kyau. A can shuɗin nan a waje yake, rana na dukansa, koren gora da sauran tsirrai sun kewaye shi, ga tukwanen fure rawaya, garin kansa kuma ja ne kamar ƙasa. Ni na ɗauko shi shi kaɗai, na baro masa 'yan rakiyarsa, na kulle shi a ɗaki.

Na biyu ba sai na ja zance ba. Haushi ya sa na koma fari da ruwan toka, irin na gidajen Suwidin da Denmak da nake gani a Instagram. Su sanyinsu dogo ne, rana ba ta daɗewa, farin bango yana ƙara musu haske. Ni kuwa jar ƙasa gare ni da yara uku masu cin alale da hannu. Wata biyar ya yi.

Mafita ta fito daga inda ban zata ba. Ina gyaran adakar kakata, Allah ya ji ƙanta, na ciro wani zanen saƙi rinin baba, shuɗinsa ya kwanta saboda tsufa, har yana neman baƙi. Na ajiye shi a kan tum-tum ɗin jar fata da na sayo a Marrakesh don in ninke, sai na ga kamar tare aka yi su. Da na nuna wa maigidana ya yi dariya ya ce ai dama 'yan uwa ne. Tun zamanin fatake ake ɗaukar jemammiyar fatar jan akuyar Sakkwato daga Kano a ƙetare Sahara da ita, Turawa su saye ta a arewacin Afirka suna kiranta fatar Maroko. Na shiga kasuwar Kurmi wajen dukawa na sayo tum-tum biyu, na jera su da wancan. Har yau ba wanda ya taɓa nuna mini baƙon cikinsu.

Daga nan na daina fara tunani da bango. Zanen da fatar na ajiye a gabana, na ce duk abin da zai shigo falon nan sai ya yi zaman lafiya da su. Na bi ƙa'idar da masu ƙawata ɗaki ke yawan faɗa: kashi 60 launi mai sanyi, kashi 30 na biyu, kashi 10 mai jan ido. Bango da labule suka zama ruwan ƙasa mai haske, irin na tsohon ginin tubali da rana ta ci. Shuɗin baba ya samu kujeru da filalla, jar fata da tagulla suka raba ɗan abin da ya rage.

Wannan karon ban yarda da hoton waya ba, ban kuma yarda da ɗan katin launi na shago ba. Na sa aka shafa ruwan ƙasa kala uku a kan falankai, na yi kwana uku ina yawo da su kusurwa-kusurwa, in duba da hantsi, in duba bayan la'asar, in duba da wuta, in duba da fitilar caji idan an ɗauke. Wanda na fi so da safe, da dare sai ya koma kamar kunun kanwa. Na canza ƙwayayen fitila daga masu farin haske, masu lamba 6500, zuwa masu lamba 3000, masu haske ɗan ja-ja, na kuma zaɓi fenti mai ɗan santsi wanda ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma.

Kujerun gwal ba su fita ba, kyautar iyaye ba a wasa da ita. Yadinsu kawai aka canza, aka rage wa gwal ɗin ƙyalli. Rigunan filo kuwa farin yadin auduga na kai marinar Ƙofar Mata aka rina mini. A nan ma na yi wauta: ban wanke su sosai ba na ɗora, baba ya zuba a farar rigar wata baƙuwa. Ki wanke, ki sake wankewa, sai ruwan ya fita fes.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne cirewa. Kafet ɗina na Turkiyya, mai tsada, ya koma uwar ɗaki, domin zanensa yana faɗa da na saƙin. Wata ƙawata ta ce in rataye ƙorai da kalangu da takobi, na ce mata gida nake so, ba Gidan Makama ba. Dagi ɗaya tak na sa magini ya fitar a bango, launinsa ɗaya da bangon, sai haske ya faɗo a kaikaice ake ganinsa. A ƙasansa tasoshin kakata uku, kusa da fitilar tagulla mai huji-huji ta Maroko.

Rabin bokitin shuɗin farko yana nan a sito, na rasa yadda zan yi da shi. Bara da damina na sa yara muka shafe tukwanen furen tsakar gida, a gindin bishiyar lemun tsami. Surukata ta gani, ta tambaye ni inda na saye su, ta ce a yi mata guda biyu.