Tarihin Rayuwata, kashi na 7: Abin da na iske ƙasan zabira

Assalamu alaikum jama'a. Makon jiya mun tsaya inda kakanmu ya rasu, Allah shi jiƙan shi, anka raba gado kowa ya kwashi nashi, ba wanda ya ko ɗaga kai ya dubi zabirar shi da ke rataye zaure. Shekara huɗu tana nan ƙura ta rufe ta, don duk gidanmu ba sauran mai wanzanci sai Kawu, shi ma idanu sun fara ja mai baya.

Ran wata Juma'a bayan mun taso masallaci na ce Kawu don Allah a ba ni izini in sauko da ita. Ya yi shiru, can ya ce ɗauko ɗana, amma ka yi bisimilla.

Jar fata ce irin ta akuyar Sakkwato, ta bushe amma ɗunkin ko zare ɗaya bai saki ba. Ciki ga ƙaho, ga 'yar tsaga, ga dutsen wasa duk ya lotse tsakiya don aiki, sai asake guda shida ƙirar Maƙera Assada, unguwar maƙera ta cikin Sakkwato, baƙin ƙarfe, kowace da kubenta, Kawu yana shafa su da yatsa yana faɗa min wagga ta aski ce, wagga ta askin suna, wagga ta kaciya, ba ya ko dubawa. Can ƙasa cikin wani tsumma na iske wasu biyu masu naɗewa, su ne sunka canza min rayuwa wallahi.

Ta farko mai kauri ce da nauyi, ƙotar ƙaho, gindinta an buga tauraro da wani ɗan gicciye, an rubuta Joseph Rodgers & Sons, Sheffield. Lokacin ban san komi ba, sai daga baya da na shiga intanet ina ta karatu dare da rana na gane Sheffield garin maƙera ne a Ingila, kuma abin da ya fi ɗaga min hankali shi ne babu kalmar England jikinta, don tun 1891 dokar Amurka ta sa duk kayan da za a shigar masu sai an buga sunan ƙasa, shi ya sa masu tara asake in sun ga ta Sheffield ba wannan kalma suna ɗaukarta ta girmi shekarar. Ke nan mai yiwuwa tana ƙere tun Turawa ba su ci Sakkwato ba a 1903, ga ta hannuna.

Ta biyu 'yar Solingen ce ta Jamus, siririya, an rarake cikinta har in ka taɓa bakin da farce kana jin tana ƙara. Tsatsa ta ɗan kama ta.

Nan na yi kuskuren da har yau yana min ciwo. Ban tambayi Kawu ba, na ɗauke ta na kai wa wani mai wasa wuƙaƙe da inji bakin kasuwa, ya ɗora ta bisa dutsen nan mai juyi, wuta na tashi, ko minti biyu ba a yi ba bakin ya koma shuɗi, gefe guda ya ɓantare. Ƙarfe in ya sha zafi haka taurin shi ya tafi ke nan, ba ya sake riƙe kaifi.

Da na kawo ma Kawu ya juya ta ya juya, bai min faɗa ba, da ma ya yi da ya fi min sauƙi. Cewa kawai ya yi, da wagga Baba ya yi maka askin suna.

Na shiga ɗaki na yi kuka kamar ƙaramin yaro.

Washegari da hantsi ya kira ni zaure ya zuba ruwa bisa dutsen Kaka, ya ɗauko guda cikin na Assada, ya ce kwantar da ita duka, baya da baki su taɓa dutse tare, kar ka danna, nauyinta ya isa. Daga nan sai fata, ita kuma baya ke gaba. Wata uku ina koyo kafin ya yarda in taɓa ta Sheffield.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan ba ku labarin zuwana Illela neman wata aska.