Yadda muka mayar da ramin gawayin wani dattijo toka saboda hoton wuta

Karatu ne ya kai ni Manila, amma da yake na saba da aikin ɗaukar sauti tun ina gida, wani ɗan ajinmu ya haɗa ni da wasu matasa da ke shirya wasan kwaikwayo mai dogon zango don YouTube, a kan rayuwar masu yin gawayi a ƙasar Filifin. Lokacin kowa ya koma intanet. An rufe babbar tashar talabijin ta ƙasar, ABS-CBN, a watan Mayun 2020, majalisa ta ƙi sabunta mata lasisi a watan Yuli, ga kullen korona, sai masu sana'ar fim manya da ƙanana suka bazama neman masu kallo ta waya.

Labarin na wani iyali ne da suka taso a Ulingan, unguwar masu gawayi da ke Tondo, daf da Smokey Mountain, tsohon jujin Manila da aka rufe a 1995. A da, a can ana ƙona tarkacen katakon da aka tsinto daga wuraren gini da bola, yara kuma suna tona toka mai zafi suna tsince ƙusoshi don sayar wa masu gwangwan. A 2013 aka kwashe mutanen unguwar zuwa lardin Bulacan, don haka ba mu da wurin da za mu ɗauka a Tondo. Sai muka nufi wani ƙauye a lardin Quezon, ƙasar kwakwa, inda wani dattijo da kowa ke kira Tatay, wato Baba, ya yarda mu yi aiki a bakin ramukansa.

Kashi biyun farko sun tafi lami lafiya, ban da ciwon kai da hayaƙi ke sa mu kullum da yamma. A kashi na uku aka yi ɓarnar da har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Wanda bai taɓa tsayawa a kan ramin gawayi ba yana zaton wuta ake hurawa. A'a, wutar ake shaƙewa. Ana jera itace a rami, a rufe da ganyen ayaba da ɓuntun shinkafa da ƙasa, wani lokaci a ɗora tsohon kwanon rufi, a bar ƴan ƙofofi kaɗan don iska ta shiga daidai gwargwado. Itacen yana dahuwa ne a hankali cikin ƙarancin iska, kwana da kwanaki, mai ramin kuma ba ya barci mai nauyi. Hayaƙi yake karantawa. Fari mai kauri na nufin ruwan jikin itacen ne ke fita, sai ya koma rawaya-rawaya, in ya sirance ya yi shuɗi-shuɗi to lokacin toshe ƙofofi ya yi. Duk wahalar nan, abin da ake kwasa a irin wannan rami da wuya ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin itacen da aka zuba. Iska kuwa in ta samu hanya, ko hakan ba za a samu ba.

To daraktanmu bai ga abin ɗauka a tudun ƙasa mai fitar da hayaƙi ba. Harshen wuta yake so a bayan jaruma yayin da take kuka. Ran nan Tatay ya sauka gari kai buhunan da dillali ya aiko a kawo, ya bar jikansa ɗan kimanin shekara goma sha biyu yana gadi. Darakta ya ce wa yaron a ɗaga kwanon gefe ɗaya a ɗan yaye ƙasar, minti ɗaya kawai. Yaron ya ce, "Kuya (wato Yaya), Tatay ya hana." Aka lallashe shi, aka ce ai yanzu za a mayar. Yaro ne, ga manya baƙi masu kyamara, ga shi an koya masa ladabi. Ya matsa gefe.

Ina sanye da abin sauraro a kunne, don haka ni na fara jin abin kafin a gan shi, wani irin gurnani daga cikin ramin, sannan ƙaƙas-ƙaƙas. Wuta ta tashi ja jawur, darakta yana murna, aka maimaita fitowar, aka sake maimaitawa saboda jaruma ta manta maganarta. Kafin a gama, gefen ramin ya rufta, rami ya buɗe baki. Muka yi ta watsa ƙasa da hannu da shebur, wani ma ya kwara ruwa, wanda ya ƙara lalata abin da ya rage.

Da Tatay ya dawo bai ɗaga murya ba. Ya zagaya ramin, ya soka sanda, ya ciro ta fara fat da toka. Ya ce wa jikansa ya shiga gida. Da ya zage mu da ya fi mini sauƙi.

Sai daga baya matarsa ta warware mana lissafin, kuma wannan lissafin ne nake so duk mai niyyar irin wannan aiki ya riƙe. Gawayin da ke cikin ramin ba nasu ba ne tukuna. Dillali ya riga ya ba su kuɗinsa, sun ci shinkafa da shi, sun sayi magani. Itacen kuma makonni suka yi suna sara suna jido shi a kafaɗa daga gangaren tudu. Ga damina ta kawo jiki, iskar habagat da ke zuwa da ruwa daga watan Yuni, kuma jiƙaƙƙen itace ba ya gawayin kirki. Ke nan ba rami ɗaya muka ƙona ba. Mun tura su cikin damina da bashi a wuya, babu hajar biya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gardamar da ta biyo baya. Darakta ya dage cewa ai mun biya kuɗin wuri tun farko. Kuɗin wuri! Kuɗin tsayawa a fili daban, kuɗin abincin iyali daban. Sai da mai kyamara ya ce zai tattara kayansa, ni ma na ce haka, sannan aka zauna aka kirga buhunan da ramin zai fitar, aka biya a farashin kasuwa ba farashin dillali ba, kowa ya yanki wani abu daga ɗan alawus ɗinsa. Jarumar ta ba da nata duka, Allah ya saka mata. Amma yaron ya daina zuwa inda muke, kuma wannan ba abin da kuɗi ke gyarawa ba ne.

Akwai ƙananan abubuwa da na koya. Ƙurar gawayi tana shiga soson makirfo ta toshe shi, sai ana wankewa kullum. Kada a tsaya ta inda iska ke kaɗo hayaƙi, domin iskar guba da rami ke fitarwa ba ta da wari. Kuma a tambayi mutane kafin a nuna fuskarsu ko hanyar da suke bi zuwa daji. Tun dokar da Shugaba Benigno Aquino ya sa wa hannu a 2011 ta hana sare itatuwa a dazuzzukan asali, masu gawayi da yawa ke ɗari-ɗari da jami'an ma'aikatar muhalli, ko da itacen gonarsu suke ƙonawa. Hotonka na iya zama shaida a kansu.

Duk waɗannan ba su kai darasin ramin ba. Ka je ka shirya fim don duniya ta tausaya wa talaka, sai ka ɗauki jarinsa a matsayin kayan ado. Kashin da wutar ta fito shi ne ya fi duk sauran samun masu kallo, mutane suna ta yaba kyan hoton, kuma ban taɓa iya kallonsa har ƙarshe ba.

Daga ranar muka kafa ƙa'ida, kuma ita nake ba kowa. Babu mai taɓa rami sai mai shi, babu ɗauka in ba ya nan, kuma jadawalinmu ne ke bin nasa. In an ce yau toshe ƙofofi za a yi da tsakar dare, to da tsakar dare za mu ɗauka. In ana son wuta a hoto, a gina ramin bogi can nesa. Tatay da kansa ya gina mana ɗaya da ɓawon kwakwa da busassun rassa cikin rabin yini, muka biya shi ladan aikinsa, kuma a kyamara ba mai iya bambance shi da na gaske.