Makonnin farko da ƴan siziyam a Tawa

Tarihi da labarin ƙasa nake koyarwa a wata kolej ta gwamnati cikin garin Tawa. Duk shekara in an zo rabon azuzuwa nakan roƙi darakta ya bar mini siziyam, wato ajin farko na kolej. Abokan aikina sun fi son turwaziyam, ajin ƙarshe, don can ake ganin ƙoƙarin malami idan sakamakon BEPC, jarrabawar kammala kolej, ya fito. Ni kuwa na gane abin da yaro zai rubuta ranar BEPC tun Oktoban shekararsa ta farko ake shuka shi.

Komawa lakkol a nan ba aikin rana guda ba ne. Gwamnati kan sa ranarta, amma Oktoba lokacin girbin hatsi ne, yaran ƙauye ba su isowa sai an ɗaure damma an kai rumbu. Wasu na neman gidan da zai riƙe su a birni. Azuzuwan rumfa kuma sai an sami kara kafin a kafa su. A 2024 ma sai da aka ɗage komawar zuwa 28 ga Oktoba saboda ambaliya. Malamin da ya fara cika allo da rubutu tun ranar farko, rabin ajinsa zai iso ya tarar da shafukan da zai kwafa bai san me ke ciki ba.

Shi ya sa makonnin farko ba ni cewa a buɗe kaye. Fili nake fitar da su da hantsi, kafin rana ta yi zafi. Duk ɗan da ke salla ya san gabas, to daga nan muke tashi. Sai in ajiye dutse a kan rairayi in ce ga Tawa, wa zai nuna mini Birnin Kwanni? Nan take wani ya ja layi zuwa kudu, don ya taɓa bin kawunsa a mota. Wata ta sa Abalak a hanyar Agadas. Ɗan mai sayar da albasa ya ajiye Galmi tsakanin Malbaza da Madawa, har ya ƙara da cewa a Malbaza ake yin siminti. Kafin a buga ƙararrawa sun zana jiharsu da ƴan yatsu, ba wanda ya riƙe bik.

Darasin da ya fi tada su shi ne na maƙwabta. Nakan tambaya wa ke da uba ko yaya da ya tafi biɗa, sai ka ga hannuwa sun tashi kusan duka, abin da ba zai ba ɗan Adar mamaki ba. Wannan na Abijan, wancan na Libiya, wani Aljeriya, wani Kano. Daga bakinsu muke tattara ƙasashe 7 da ke iyaka da Nijar: Aljeriya, Libiya, Cadi, Nijeriya, Benin, Burkina Faso da Mali. Kullum sai an yi gardama a kan Kwaddibuwa. Wata yarinya ta tsaya kai da fata ta ce, “Mushe, ai babana mota ɗaya yake shiga har can.” Na ce ta tambayi mahaifiyarta iyaka nawa yake ƙetarawa. Washegari ita ta bayyana wa aji cewa sai an ratsa ƙasar wasu kafin a kai. Bayan haka in na rubuta cewa faɗin Nijar murabba’in kilomita 1,267,000 ne, lambar na da wurin zama a kansu.

Tarihi ma daga gida nake ɗauko shi. Tsarin karatu ya ce a koya musu inda ake samo labarin da: bakin mutane, rubuce-rubuce, da abin da aka tono a ƙasa. Aikin gida na farko shi ne kowa ya je wurin kakansa ko wata tsohuwa a unguwa ya tambaya daga ina gidansu suka taso, wace yunwa kuma suka gani da idonsu. Sukan dawo da labarin fari na 1973 da na 1984, kowace yunwa da sunan da aka laƙaba mata. Sai in ja dogon layi a allo, mu sa 1899 da ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine ya ƙona Birnin Kwanni, mu sa 3 ga Agusta 1960 da Nijar ta samu ƴancin kai, mu sa 1984 da aka soma aikin farfaɗo da ƙasa a Keita, can ƙarshe kowa ya sa shekarar haihuwarsa. Wani lokaci kakanni biyu kan saɓa a kan abu guda, yara su juyo suna jiran in raba gardama. Ba ni rabawa. Nakan ce a nemo na uku, a kuma tambayi kowanne ko gani ya yi ko ji. Wannan tambayar ita ce aikin masanin tarihi, kuma ɗan shekara 12 na iya yin ta.

Duk wannan da Hausa muke yin yawancinsa, ƴaƴan Buzaye da Fulani kuma in bar su su taimaki juna da harshensu. Sai abin ya zauna sannan mu rubuta taƙaitawa da Faransanci, gajera, tunda da shi za a yi jarrabawa.

Hanyar na da tsada. Abokin aikina na ɗaya ajin kan riga ni da darussa, mai duba malamai kuma in ya zo kundin aji yake buɗewa, ba rairayi ba. Nakan cike gibin cikin sanyin Disamba da Janairu, lokacin da aji ya cika, yara kuma sun saba ɗaga hannu. A dabuwar ta farko, wato gwajin aji, tambaya ɗaya ba ta canzawa: zana hanya daga ƙofar gidanku zuwa kolej, ka nuna arewa. Wanda ya kasa, da shi nake sake fita fili ran Laraba.